Daga Tukuba Zuwa Waya: Aikin Farko na Mai Koyon Walda

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Talatar Mafara da la'asar sakaliya ya san cewa hanci kan riga ido isa wurin mahauta. Ƙamshin tsire da balangu ne ke yi wa baƙo jagora, ya tsaya, ya zaɓi tsokar da ta yi masa, a barbaɗa yaji, a yanka albasa, ya biya ya wuce. Abin da mai saye bai cika dubawa ba shi ne abin da aka ɗora naman a kai. A da tukuba ce: tudun ƙasa da toka, wuta a tsakiya, tsinkayen tsire a kafe suna kewaye da ita. Yanzu kuwa, a wurare da yawa, rabin duro ne da aka tsaga gida biyu, aka yi masa ƙafafu, aka zuba gawayi a ciki, sa'an nan aka shimfiɗa waya a bisa. Haka abin yake a bakin titin Bakura, haka yake a Maradun, haka kuma wajen masu gasa kifin da ake kamowa daga madatsar ruwa ta Bakolori.

Wannan murhu ba daga wata masana'anta yake fitowa ba. Mai walda na bakin hanya ke haɗa shi, sau da yawa ma yaron shago ake bar wa, domin ana ɗaukarsa ƙaramin aiki wanda bai kai maigida ya ɓata lokacinsa a kai ba. A nan akwai daidai, akwai kuma kuskure. Daidai ne a ba wa ɗan koyo murhun gashi ya fara gwada hannunsa a kai, har ma ya kamata makarantun sakandare su mai da shi aikin farko na duk ɗalibin da zai riƙe sandar walda. Kuskuren shi ne zaton da ake yi cewa aikin ba ya bukatar ilmi. A cikin dukkan abubuwan da mai walda ke haɗawa, da ƙofa da taga da gado da kejin kaji, murhun gashi ne kaɗai wanda sakacin mai yinsa kan bi ta baki ya shiga cikin jama'a.

Dalilin da ya sa ya dace da ɗan koyo a fili yake. Idan ɗinkin ƙyauren gida ya ɓalle, ƙyauren na iya danne yaro. Idan ƙafar tankin ruwa ta karye, lita dubu ɗaya ta ruwa nauyinta kilo dubu ɗaya ne, kuma a kan wanda ke ƙarƙashi za ta sauka. Amma idan ƙafar murhu ta saki, asarar ba ta cika wuce naman da ya faɗi cikin toka da dariyar abokai ba. Duk da haka, a cikin wannan ɗan aiki akwai kusan duk abin da mai walda zai yi ta maimaitawa har tsufansa: awo, yanka, daidaita kusurwa, haɗa ƙarfe baki da baki, ɗora wani a kan wani, da ɗinke siririn rodi a jikin ƙarfe mai kauri ba tare da an ƙone shi ba.

A ɗauki misalin murhu mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 80. Idan da ƙarfe mai kusurwa za a yi shi, wanda 'yan sana'a ke kira angul, firam na sama zai ci santimita 270, ƙafafu huɗu su ci 320, jimla 590, watau kusan sanda guda mai tsawon mita 6. Tokaren da za su riƙe ƙafafun daga sanda ta biyu za su fito. Tun kafin a kunna inji ke nan ɗalibi ya yi lissafin da ke da sakamako, domin wanda ya yi kuskuren awo da kuɗinsa zai sayo wani ƙarfen. Sa'an nan ga tambayar da ke raba gwani da ɗan koyo: yaya za a tabbatar firam ɗin bai karkace ba? Sai a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, a kuma auna ɗaya ɓangaren. In duka biyu sun zo ɗaya, kusan santimita 100.6, to aiki ya miƙe. Wannan lamba ba daga ka aka ƙirƙiro ta ba. Ƙa'idar Paitagoras ce, wadda ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa su manta da ita bayan mako guda. Wanda ya taɓa ganin murhunsa yana ɗingishi a kan ƙafa uku saboda ya raina ta, da wuya ya sake mantawa.

Ita kanta waldar darasin kimiyya ce daga farko har ƙarshe. Idan aka kusanto da sandar walda ga ƙarfe, wutar lantarki kan tsallaka ɗan ratar da ke tsakaninsu, ta haifar da zafin da ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali baƙin ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500. Zugazugin maƙeri yana sa ƙarfe ya yi ja ya yi laushi har a buga shi da masaba. Walda kuwa narkar da bakunan biyu take yi su zama ruwa, su gauraya, su daskare a matsayin abu guda. Garin nan da aka lulluɓe sandar da shi ba ado ba ne. Yayin da yake ƙonewa yana fitar da iskar da ke kare narkakken ƙarfe daga oksijin da naitirojin na sarari, waɗanda in sun shiga sai ɗinkin ya yi ramuka ya yi gautsi. Ragowarsa kuma ita ce ɓawon nan da ake ƙwanƙwasewa bayan aiki ya huce, ɗan'uwan kashin maƙera. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Oscar Kjellberg ne ya fito da wannan dabara ta lulluɓe sanda a farkon ƙarni na 20, yana neman hanyar gyaran tukwanen tururi na jiragen ruwa. Sandar da aka fi samu a kasuwa, mai lamba 6013, ta dace da ɗan koyo domin ba ta da wuyar kamawa. Mai kaurin milimita 2.5 tana aiki da ƙarfin wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 90. In wuta ta yi kaɗan sandar ta riƙa mannewa, in ta yi yawa ta huda ƙarfen.

Akwai kuma halin ƙarfe da zafi, wanda yake ba ɗan koyo mamaki. Ɗinki yana tsukewa idan yana hucewa, ya janyo ƙarfen zuwa ɓangarensa. Saboda haka wanda ya ɗinke kusurwa ɗaya gaba ɗaya kafin ya koma ta biyu, zai tarar firam ɗin ya murɗe. Abin da ake yi shi ne a ɗan ɗiga walda a kowace kusurwa don ta riƙe, a sake awo, a gyara da guduma, sa'an nan a bi a cike. Haka nan ƙarfe yana miƙewa in ya ji wuta: kowace mita tana ƙara kimanin milimita 6 idan zafinta ya ƙaru da digiri 500. Wayar gashi mai tsawon santimita 90 za ta nemi ƙarin wuri na wajen milimita 5 in wuta ta kankama. Idan an ɗinke ta a jikin firam, ba ta da inda za ta, sai ta banƙare ko ta tsinke ɗinkin. Don haka a kan firam ake ajiye ta kurum, a bar mata 'yar rata. Wannan ya zo daidai da bukatar tsabta, domin wayar da ba ta ciruwa ba ta wankuwa.

Zuwa nan aikin malamin fasaha ne da na lissafi. Amma murhun da ya miƙe sambal, ɗinkinsa ya yi kyau kamar an zana, yana iya zama mai cutarwa, kuma a nan ne ake bukatar malamin ilmin halittu da na sinadarai su shigo.

Abu na farko shi ne ƙarfen da za a zaɓa. Mai walda na bakin hanya ba ya cika sayen sabon ƙarfe don murhu. Wajen 'yan gwangwan yake zuwa, ko ya ɗauko abin da ke yashe a bayan shago. Araha ce ke jan sa, kuma babu laifi a sake amfani da tsohon ƙarfe matuƙar an san tarihinsa. To, wa ya san tarihin duro? Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ta mai da yankin Talatar Mafara da Bakura da Maradun wurin noman rani na shinkafa da kayan lambu, kuma duk inda ake irin wannan noma akwai maganin ƙwari da na ciyawa, akwai man inji da baƙin mai, akwai kuma mazubansu da aka gama da su. Duron da ya taɓa ɗaukar irin waɗannan abubuwa yana riƙe ragowarsu a ɗinkinsa da cikin tsatsarsa, kuma ɗauraya da ruwa ba ta fitar da su duka. Haɗarin farko ma a kan mai yankan yake. Duron man fetur da ake cewa babu kome a ciki ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururin mai gauraye da iska, kuma tartsatsi guda ya isa ya tarwatsa shi. Ƙwararru kan cika shi da ruwa kafin su sa masa wuta ko giranda. Ɗan koyo kuwa bai kamata a bar shi ya taɓa duro ba sam. Faifan baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2 ko 3 ya isa a lanƙwasa kaskon gawayi, kuma ya fi duro daɗewa.

Sa'an nan ga fenti. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010 ne aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum tana ɗauke da dalma, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira, da yawansu sun tsira da rauni a ƙwaƙwalwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan dalmar dai ita ce aka daɗe ana sa wa a cikin fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, domin launi ya fito kuma ƙarfe ya jure tsatsa. Garwashin gawayi yana kai digiri 600 zuwa 700 ko fiye, zafin da ke ƙone fenti ya mai da shi hayaƙi da toka, su kuwa su sauka a kan nama. Ba za a kwatanta yawan abin da ke fitowa daga murhu da abin da ya auku a waɗancan ƙauyuka ba. Sai dai dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, kuma masana ba su san wani adadi nata da za a ce ba ya cutar da yaro ba. Wanda ya shafa wa murhu fenti don ya yi kyan gani a kasuwa, bai yi wa mai saye alheri ba.

Waya ita ce ta fi kome muhimmanci, tun da ita ke taɓa abinci. Abu biyu aka fi ɗaukowa a yi waya da su don gudun wahalar jera rodi: ragar shinge mai ruwan azurfa, da kantar tsohon firiji. Ragar shinge, kamar kwanon rufi da bututun ruwa, an tsoma ta ne a cikin narkakkiyar tutiya don kada ta yi tsatsa. Tutiya tana narkewa a digiri 420, tana tafasa a digiri 907, saboda haka da zarar wutar walda ta taɓa ta sai ta tashi ta zama farin hayaƙi. Wanda ya shaƙi wannan hayaƙi da rana, cikin dare sai ya ji zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ba mamaki a ce masassarar cizon sauro ce, a saya masa maganinta, bayan kwana ɗaya ko biyu ya warware, a yaba wa maganin, ya koma kan aikin da ya kwantar da shi. Akwai wata al'ada da ta bazu tsakanin masu walda, ta shan madara bayan aiki wai don ta wanke hayaƙin. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take shiga, hayaƙin kuwa huhu ya shiga, kuma hanyoyin biyu ba su haɗu ba. Kantar firiji ta fi wannan muni. Wasu tsofaffin an shafe su da wani ƙarfe mai suna kadmiyom, kuma littattafan likitanci sun daɗe da rubuta labarin mutanen da suka sha guba bayan sun gasa nama a kan irinta. Kadmiyom yana lalata ƙoda, kuma in ya shiga jiki yakan ɗauki shekaru 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Sababbin kantocin kuma roba aka lulluɓa musu, ita ma ba abin ci ba ce.

Abin mamaki, ƙarfen da ya fi aminci shi ne wanda ya fi muni a ido: baƙin rodi sumul mai kaurin milimita 8 ko 10, wanda ba a shafa masa kome ba. A yanka sanduna kamar 30, a jera su da ratar santimita 2, a ɗinke. Zai yi tsatsa, gaskiya ne, amma tsatsa ba guba ba ce, kuma maganinta sananne ne ga duk matar da ta taɓa sayen sabon kaskon tuya: a goge, a ƙona shi babu kome a kai, a shafa man gyaɗa tun yana da ɗumi.

Ko da an sami ƙarfe mai kyau, saura fasalin murhun, kuma a nan ne tukuba ke da abin koyarwa. A 1775 wani likita a birnin Landan, Percivall Pott, ya lura cewa ciwon daji na fatar maraina ya yi yawa tsakanin masu sharar bututun hayaƙi, waɗanda tun suna yara suke cuɗanya da kunkunniya. Sai a shekarun 1930 aka ware ɗaya daga cikin sinadaran da ke haddasa irin wannan, mai suna benzofairin, daga kwaltar gawayin ƙasa. A 1964 kuma wasu masu bincike biyu a Amurka, Lijinsky da Shubik, suka same shi a jikin naman da aka gasa a kan gawayi. Daga baya aka fahimci hanyar da ya fi bi ya isa wurin. Idan kitse ya narke ya ɗiga a kan garwashi, ba ya ƙonewa sarai. Sai ya farfashe ya zama hayaƙi mai ɗauke da benzofairin da danginsa, hayaƙin ya tashi ya manne a jikin naman da ke bisa. A cikin jiki, hanta kan yi ƙoƙarin sarrafa shi don ta fitar, amma a garin haka sai ta mai da wani ɓangare nasa abin da ke manne wa ƙwayoyin gado na tantanin halitta, ya gurɓata saƙon da ke cikinsu. Daga irin wannan gurɓata ne ciwon daji kan faro.

To, a dubi tukuba da wannan ido. Wuta tana tsakiya, tsire yana gefe a kafe, zafi yana zuwa masa daga gefe, maiƙo kuwa yana bin tsinke ya sauka a kan toka mai sanyi, ba a kan garwashi ba. Haka kuma ake yi wa ragunan layya a wurare da dama na yammacin ƙasar Hausa har cikin Nijar, inda ake banƙare su a jikin itace a kafa su kewaye da wuta. Gwaje-gwajen da aka yi a Turai sun nuna cewa naman da aka gasa a gefen wuta yana ɗauke da benzofairin ƙasa ƙwarai da wanda aka gasa a bisa garwashi kai tsaye. Rundawan da suka gina tukuba ba su san sunan sinadarin ba, wataƙila gudun ƙauri da tashin harshen wuta ne ya kai su ga wannan tsari, amma sun dace. Rabin duro da waya a kai, wanda ake gani kamar ci gaba ne, ya rushe wannan hikima, ya ɗora kitse daidai saitin garwashi.

Ba ana nufin a daina cin balangu ba ne, ba kuma ana cewa wanda ya ci gasasshen nama ranar kasuwa ya sayi ajalinsa ba. Haɗarin yana tafiya ne da yawan abin da aka ci da tsawon shekaru, kuma wanda ya fi kowa shan hayaƙin shi ne mai gashin da ke tsaye a kansa kullum daga la'asar har dare. Abin lura shi ne, rage haɗarin ba ya bukatar ƙarin kuɗi, tunani kawai yake bukata kafin a yanka ƙarfe. Maimakon kaskon gawayi ya mamaye ƙarƙashin waya duka, sai a yi shi siriri a gefe ɗaya, ko biyu a gefuna, a bar tsakiya ga wani ɗan faranti da zai tari maiƙo. A huda ƙasan kaskon don iska ta shiga gawayi ya ci sosai, toka ta zube. A yi wa wayar matakai, misali santimita 10 da 15 da 20 daga garwashi, domin mai gashi ya iya ɗaga ta in wuta ta yi ƙarfi. Wannan na ƙarshe yana maganin wata matsala ta daban. Nama a kusa da wuta yakan ƙone a waje ya bar ciki ɗanye, kuma a cikin ɗanyen naman shanu ne 'ya'yan tsila ke ɓuya, waɗanda ba sa mutuwa sai zafi ya ratsa tsakiyar tsoka ya haura digiri 60. Ɗalibin da aka ba shi waɗannan sharuɗɗa aka ce ya zana murhun da zai cika su, ya shiga aikin injiniya na haƙiƙa, kuma babu mamaki ɗalibai goma su kawo zane goma.

Za a ce walda tana da haɗari ga yaran sakandare. Tana da shi, kuma wannan ne babban dalilin koyar da ita a makaranta. Yaran nan suna koyonta ko an so ko ba a so ba, musamman yanzu da rashin tsaro ya raba iyalai da yawa da gonakinsu ya turo su cikin garuruwa, inda shagon walda yake ɗaya daga cikin wuraren da matashi zai iya samun na abinci. A can kuwa abin da zai gani shi ne maigida sanye da baƙin tabarau na kwalliya, ko ma yana runtse ido yana kau da kai. Hasken walda yana ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana amma mai tsanani, kuma yana ƙona fatar nan garai-garai da ke rufe baƙin ido. Ba a jin kome a lokacin. Sai bayan awa 6 zuwa 12 mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba a ɗiga masa abin da zai ƙara ɓata shi ba, amma maimaituwarsa shekara da shekaru tana da nata sakamakon. A 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda da wannan haske nata cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Abin kariya kuwa ba shi da tsada in aka kwatanta da ido: garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga, takalmi rufaffe, busasshiyar ƙasa, da wuri mai iska. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya fara walda da garkuwa a fuska zai ji tsirara yake in babu ita.

Za a kuma ce babu kayan aiki, babu wutar lantarki. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma tsoho ne. Lokacin da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu a faɗin Nijeriya, kuma sanannen abu ne cewa da yawa sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya su. Amma murhun gashi ba ya bukatar irin wannan shiri. Inji ɗaya, zarto, magagari, guduma, tef na awo, da janareto na yini biyu ko uku a zango sun isa aji guda, tun da awo da zane da yanka, waɗanda su ne kashi mafi yawa na aikin, ba sa cin wuta. A Talatar Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka kafa tun 1992, a Bakura kuma akwai kwalejin aikin gona. Shugaban makarantar da ya nemi haɗin kai da irin waɗannan cibiyoyi bai nemi abin da ya fi ƙarfinsu ba. In hakan ya faskara, akwai masu walda a kowane gari, kuma ana iya gayyato ɗaya ya koyar da riƙon sanda, malamin kimiyya yana tsaye yana bayanin dalili. Kowannensu zai ƙaru da ɗan'uwansa. Walda tana cikin sana'o'in da hukumar NABTEB ke shirya wa jarrabawa, saboda haka ɗalibin da abin ya kama zuciyarsa, namiji ne ko mace, yana da hanyar da zai bi har ya sami takardar shaida.

Kuɗin ƙarfen ma yana iya dawowa. Murhun da aka gama kafin Babbar Salla ba zai rasa mai saye ba, domin a ranakun nan kowane gida na zama mahauta. Sai dai kada a miƙa shi ga mai saye sai an gwada shi a filin makaranta: a ɗora masa nauyi a ga ko ɗinki zai saki, a hura masa wuta babu nama har ya yi ja a ga ko waya za ta banƙare, sa'an nan a ɗora kitse a duba inda maiƙon ke sauka. A kuma haɗa shi da gargaɗi guda, wanda ɗalibi zai faɗa da bakinsa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jan sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Idan hunturu ya kankama, akwai wanda zai ga sauran garwashi a murhu bayan an gama gashi, ya ce bari ya shigar da shi ɗaki ya rufe ƙofa iyali su ji ɗumi. A tsakar gida ake barinsa har ya mutu.